Yadda Ake Zama Mai Goyon Bayan Gophers: Jagora ga Baƙo a Ƙwallon Gorar Ƙanƙara ta Jami'a

Ɗalibin da ya sauka Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka, a watan Satumba zai tarar da gari kore shar, har ya ce ashe sanyin da ake ta ba shi tsoro da shi zuƙi ta malle ce. To, ya dakata zuwa Disamba. A lokacin rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, tafkuna su daskare har mutum ya yi tafiya a kansu, hancinka ya riƙa zafi kamar an shafa masa barkono. Baƙo da yawa a nan suke shigewa ɗaki, daga aji sai gado, sai kewar gida. 'Yan gari kuwa a lokacin ne rayuwarsu ke tashi, domin kakar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta kankama, wasan da suke kira hoki. Wannan jagora ta wanda yake son ya shiga cikinsu ce, ta hanyar ƙungiyar Jami'ar Minnesota da ake kira Golden Gophers. Wanda yake wata jami'ar a Boston ko Michigan ko Denver ma zai amfana, don al'adar kusan ɗaya ce, launin riga ne ya bambanta.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan: wannan wasa ba a koyon son sa a talabijin. Ƙwallon ƙarama ce, gudunta ya fi ƙarfin kyamara. Sai ka shiga zauren, ka ji ƙarar takalmin ƙarfe yana kankare ƙanƙara, ka ji yadda katangar gilashi ke girgiza in an maka mutum a jikinta. Duk sauran matakan hidima suke yi wa wannan.

Matakin farko: san gidan da za ka shiga

Gopher wata 'yar dabba ce mai haƙa rami, dangin kurege, ita ce kuma laƙabin jihar Minnesota. Launin ƙungiyar biyu ne, ja mai duhu da ruwan zinare. Maza suna wasa a zauren 3M Arena at Mariucci, wanda aka buɗe a 1993, yana ɗaukar mutum kimanin 10,000. Kowa Mariucci kawai yake ce masa, kai ma haka za ka ce. Sunan John Mariucci ne, ɗan garin Eveleth da ke yankin ma'adinan ƙarfe a arewacin jihar, wanda ya horar da ƙungiyar daga 1952 zuwa 1966. Shi ya dage a kan cewa yaran Minnesota ya kamata su cika ƙungiyar Minnesota, a zamanin da wasu jami'o'i ke kwaso 'yan wasa daga Kanada. Wannan alfahari na "namu ne, a tafkunanmu suka koya" har yau yana nan, kuma in ba ka gane shi ba, ba za ka gane dalilin da dattijon da ke gefenka yake kiran sunan makarantar sakandaren kowane ɗan wasa ba.

Kofin ƙasa biyar maza suka ɗauka: 1974 da 1976 da 1979 a ƙarƙashin Herb Brooks, sai 2002 da 2003 a ƙarƙashin Don Lucia. Haddace waɗannan shekaru, za ka gan su rataye a tutoci a saman zauren. Brooks shi ne wanda ya ja tawagar Amurka ta 'yan jami'a zuwa gasar Olamfik ta 1980 a Lake Placid, suka doke Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3, kuma tara daga cikin yaran nan a hannunsa suka yi wasa a Minnesota. Ɗaya daga cikinsu, Neal Broten, shi ya fara karɓar kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 1981. Wannan kaɗai ya ishe ka buɗe hira da kowa a jihar.

Mataki na biyu: koyi dokoki, amma kaɗan

Kada ka zauna haddace kundin dokoki. Abin da zai kai ka ƙarshen wasan farko ba tare da ka rikice ba bai fi cikin cokali ba.

Kowane ɓangare mutum shida ne a kan ƙanƙara: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ƙwallon ba zagayayya ba ce irin tamaula, faifan baƙar roba ce mai tauri, faɗinta inci uku, kaurinta inci ɗaya, nauyinta wajen giram 170, kuma sai an daskarar da ita kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. Ragar 'yar ƙarama ce, ƙafa shida a faɗi, huɗu a tsayi, mai tsaronta kuma da kayan kariyarsa ya kusa toshe ta. Wasa zango uku ne, kowanne minti ashirin, agogo kuma yana tsayawa duk sa'ad da alƙali ya hura usur. Don haka minti sittin ɗin nan sukan cinye maka awa biyu da rabi.

Abin da ya fi ruɗa wanda ya taso da ƙwallon ƙafa shi ne canjin 'yan wasa. Babu ɗaga allo, babu jiran izini. Ana tsakiyar wasa za ka ga uku sun zame zuwa benci, wasu uku sun tsallako katanga. Gudu a kan ƙanƙara da dukan ƙarfi ba ya ɗorewa, shi ya sa mutum bai cika wuce minti ɗaya a fili ba kafin ya huta. Kociyan yana haɗa 'yan gaba uku-uku, su fita tare su dawo tare, kuma rabin gardamar magoya baya a kan wannan take: wa ya dace da wa.

Layuka biyu shuɗaye sun raba filin gida uku, ga jan layi a tsakiya. Satar gida a nan ita ce ka riga ƙwallo tsallaka shuɗin layin abokan hamayya. Doka ta biyu kuma, in ka wurga ƙwallo daga rabinka ta tafi har ta wuce layin ragar abokan karawa babu wanda ya taɓa ta, za a tsayar da wasa, a dawo da ita kusa da ragarku, kuma ba za a bar ku ku canza 'yan wasan da suka gaji ba. An yi wannan doka ce don kada wanda aka matsa wa ya riƙa korar ƙwallo kawai.

Sai hukunci, wanda shi ne gishirin wasan. Bangazar mai riƙe da ƙwallo da kafaɗa halal ne a wasan maza. Amma sa masa sanda a ƙafa, ko maƙalo shi da ita, ko riƙe shi, ko ɗaga sanda ta same shi a fuska, laifi ne. Mai laifi ba kati ake ba shi ba, wani ɗan akurki ake tura shi ya zauna minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar, ban da masu tsaron raga. In masu rinjaye suka ci, sai a sake shi nan take. Babban laifi minti biyar ne, kuma ko an ci sau nawa ba ya fitowa sai lokaci ya cika. A waɗannan mintuna ne zaure ke tashi tsaye. Ka lura kuma da yadda ake yi wa masu mutum huɗu tafi duk lokacin da suka kori ƙwallo zuwa can ƙarshen fili, domin a wannan hali an ɗauke musu waccan doka ta biyu.

Wanda ya saba ganin hotunan ƙwararru suna dambe a kan ƙanƙara, ya sani a jami'a ba haka abin yake ba. Duk wanda ya yi faɗa korar sa ake yi daga wasan, a kuma hana shi na gaba. 'Yan wasan jami'a ma fuskarsu a rufe take da ragar ƙarfe ko gilashi.

In saura minti ɗaya ko biyu kuma ana bin ƙungiya ci ɗaya, za ka ga mai tsaron ragarta ya bar raga wayam ya ruga benci. Ba hauka ba ne. An musanya shi da ƙarin ɗan gaba, ko a farke ko a ƙara sha.

Mataki na uku: tikiti da hanya

Kaka tana farawa a Oktoba ta kai Maris, kuma tsarinta na da daɗin sabo: yawanci abokin karawa ɗaya ake fuskanta sau biyu a jere, daren Juma'a da daren Asabar. Wanda aka lallasa jiya yau yana da damar ramawa, shi ya sa wasan Asabar ya fi zafi, don an kwana da haushin juna.

In kai ɗalibi ne, nemi tikitin ɗalibai na kaka gaba ɗaya tun farkon zangon karatu, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi zai kai ka ɓangaren da ake ihu. In ba ɗalibi ba ne kai, fara da wasan Oktoba ko na hutun ƙarshen shekara da wata ƙungiya da ba babbar kishiya ba, tikiti ya fi samuwa. A waya ake nuna tikiti yanzu, don haka sauke shi tun kana gida, kuma ka cika batir, sanyi na shanye caji kamar me. Duba dokar jaka kafin ka fito, babbar jaka ba ta shiga. Jirgin ƙasa na cikin gari, layin Green Line, yana tsayawa a tashar Stadium Village, daga nan 'yar tafiya ce a ƙafa. Ya fi maka neman wurin ajiye mota.

Wurin zama fa? Sabon shiga kan so ya manne da gilashi. Yi hakan sau ɗaya don ka ji ƙarfin karo, amma don fahimtar wasa hau sama, daidai tsakiya ko a kusurwa, inda za ka ga mutum goma sha biyun gaba ɗaya.

Tufafi kuwa, hawa-hawa ake sa su. Matsalar ba cikin zauren take ba, can sanyin bai wuce na asubar hunturu a Jos ba. Hanyar zuwa da dawowa ita ce abin tsoro. Sa riga mai ɗumi a ciki, suwaita a kai, babbar kwat a waje wadda za ka iya cirewa, da hular da ke rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai kama ƙasa. Ko mayafin wuya ne, samo mai launin ƙungiya. Kore kuwa bar shi a gida in North Dakota ce ta zo, ja mai haske kuma in Wisconsin ce, don launukansu ke nan.

Ga Musulmi, lokacin sanyi ya zo da sauƙi ta wannan fuska. Wasan dare yakan fara wajen ƙarfe bakwai, a tsakiyar hunturu kuwa kafin nan Magariba da Isha duk sun shiga. Unguwar Cedar-Riverside, inda Somaliyawa suka yi yawa, tana daf da ɓangaren jami'ar na yammacin kogin Mississippi, akwai masallatai da gidajen abincin halal, kuma layin jirgin nan ya ratsa ta wajen. Yi sallarka, ci ka ƙoshi, sannan ka tsallaka kogi. Abincin cikin zaure da tsada, tsiran nasu kuma sau da yawa da naman alade a ciki, sai ka tambaya.

Mataki na huɗu: ladubban zaure

Iso da wuri, minti arba'in kafin farawa, ka kalli ɗumama jiki. A nan za ka ga ƙarfin bugu da idonka, ka kuma fara haɗa lambobin riga da sunaye.

Doka ɗaya ce ba a yafewa: ba a tashi ko a shigo layin kujeru ƙwallo tana yawo. Tsaya a bakin matakala har a hura usur. Dalili biyu ne, kana tare wa mutane gani, kuma faifan nan yakan tsallake gilashi da gudun da zai iya fasa kai. Idonka a fili ko da kana hira.

Ɓangaren ɗalibai da 'yan badujala su ke jan ragamar ihu. Ba sai ka san komai a daren farko ba. Abin da za ka fara kamawa shi ne yadda ake jero haruffan sunan jihar ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, M-I-N-N-E-S-O-T-A, bayan an ci. Sai kuma tsokanar mai tsaron ragar baƙi. A zaurukan jami'o'i da dama, da zarar ƙwallo ta wuce shi sai dubban yatsu su nuna shi ana kiransa da kalmar da ma'anarta rariya, wato komai aka zuba masa zai zube. Bahaushe bai buƙatar a yi masa bayanin wannan zambo. Wasu waƙe-waƙen ɗalibai na da ashar a ciki, babu wanda zai tuhume ka don ka yi shiru a wurin. In ɗan wasa ɗaya ya ci uku a dare guda, za ka ga huluna na sauka a fili. Kada ka jefa zannarka mai tsada, ba lallai ta dawo ba.

A hutun tsakanin zanguna motar gyaran ƙanƙara, Zamboni, takan fito ta kankare saman fili ta shimfiɗa ruwan ɗumi ya daskare sumul. Yara sun fi son ta a kan wasan kansa, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Mataki na biyar: daina bin ƙwallo da ido

Wannan shi ne ya raba ɗan kallo da mai goyon baya. Wasa biyu na farko za ka yi ta neman faifan kana rasa shi. Dabarar ita ce ka kalli inda fuskoki da kafaɗun 'yan wasa suka dosa, ƙwallon na can. Daga wasa na uku, zaɓi ɗan baya ɗaya ka bi shi tun shigowarsa har fitarsa, ko ƙwallo na wurinsa ko ba ta. Dubi yadda yake gudu da baya-baya yana fuskantar mai kawo hari, yadda yake rage tazara a hankali har ya tura shi jikin katanga. Wani zangon kuma ka bi ɗan tsakiya cikin 'yan gaban ukun, ka ga ko yana komawa taimakon 'yan baya ko malalaci ne. Lura da wanda ke kwanciya ya tare bugu da jikinsa. Allon maki ba ya nuna wannan, amma benci kan buga sanduna a katanga don girmama shi.

Kada adadin bugu a raga ya yaudare ka. Ƙungiya na iya buga arba'in ta tashi a tutar babu, abokiyar karawarta ta buga goma sha biyar ta ci biyu. Mai tsaron raga da ya tashi da ƙafar dama shi kaɗai yakan kayar da ƙungiyar da ta fi tasa komai, kuma wannan ne ke sa gasar ƙarshen kaka ta zama abin fargaba.

Mataki na shida: san kishiyoyi, san hanyar kofi

Tun kakar 2013 zuwa 2014 Minnesota ke wasa a rukunin Big Ten, tare da Wisconsin da Michigan da Michigan State da Ohio State da Penn State, Notre Dame kuma ta shigo a 2017. Kafin nan tana rukunin WCHA, kuma har yau akwai tsofaffin magoya baya da ba su huce da wannan ƙaura ba, don ta raba su da karawar kowace shekara da North Dakota da kuma maƙwabta irin su Duluth da St. Cloud. In kana son ka ga an yi murmushi, ambaci wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa ta 2014 a Philadelphia, inda Justin Holl, ɗan baya da bai ci ko ɗaya ba duk kakar, ya zura wa North Dakota ƙwallo saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya a tashi, alhali Minnesota na da mutum a akurki. Sai dai kada ka tambayi abin da ya biyo baya, kwalejin Union ta doke Minnesota 7 da 4 a wasan ƙarshe.

Gasar ƙasa ƙungiya 16 ke shiga daga cikin sittin da 'yan kai. Zakarun rukunai shida suna da gurbi kai tsaye, sauran goman kuma lissafin kwamfuta ne ke tace su bisa wa ka doke da kuma ƙarfin wanda ka doke. Saboda haka wasan Oktoba da ka raina yana iya hana ku shiga a Maris. Sili-ɗaya-ƙwale ake yi, huɗun da suka rage su haɗu a Afrilu a abin da ake kira Frozen Four. A can babu canjaras. In an tashi kunnen doki sai a ƙara zango na minti ashirin, wanda ya fara ci ya gama.

Wannan doka ta yi wa Minnesota rana, ta kuma yi mata dare. A 2002 a St. Paul, a gaban mutanensu, sun farke wa Maine saura ƙasa da minti ɗaya, sannan Grant Potulny ya ci a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Abin dariyar, shi ɗan North Dakota ne. A 2023 kuwa a Tampa suna gaban Quinnipiac da ci biyu, aka farke, aka shiga ƙarin lokaci, daƙiƙa goma kacal aka zura musu. Wasu ma ba su gama zama a kujera ba. In ka ga an yi tsit da ka ambaci shekarar nan, ka san dalili.

Kada ka tsallake wasan mata

Zauren Ridder yana manne da Mariucci, an buɗe shi a 2002, yana ɗaukar mutum wajen 3,400, kuma shi ne na farko da wata jami'a ta gina musamman don ƙungiyar hokin mata. Matan sun ɗauki kofin ƙasa na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 2004 da 2005 da 2012 da 2013 da 2015 da 2016, sun fi mazan ke nan. A kakar da ta ƙare a 2013 wasa 41 suka buga, suka cinye duka. Tikiti ya fi araha, kana kusa da fili, kuma da yake an taƙaita bangaza, miƙa ƙwallo da tsarin wasa sun fi fitowa fili. Mai iyali da ƙananan yara, ni nan zan ce ya fara. Ranar da Wisconsin ko Ohio State ta zo, je da wuri.

In kana nesa

Wanda ya gama karatu ya koma Kano ko Zinder, lissafinsa shi ne: wasan ƙarfe bakwai na dare a Minneapolis ƙarfe biyu ne na dare a Najeriya da Nijar a tsakiyar hunturu, ƙarfe ɗaya kuma a Oktoba da bayan tsakiyar Maris, saboda canjin agogon Amurka. Tashar Big Ten Network ke nuna wasanni da yawa, amma kallo daga ƙetare ya danganta da izinin yanki. Mafi sauƙi shi ne ka kashe sanarwar waya, da safe ka kalli taƙaitaccen bidiyo, sannan ka karanta rahoto a shafukan intanet na USCHO ko College Hockey News.

Maganar sunan da za ka buga a bayan riga

A ƙarshen kaka za ka so sayen rigar ƙungiya, kuma zuciyarka za ta raya maka ka sa sunan yaron da ya fi burge ka. Dakata. Ɗan wasan jami'a 'yan shekaru kaɗan gare shi, gwanayen kuma ba sa ko cika su, don ƙungiyoyin NHL, babbar gasar ƙwararru, na jiransu. Phil Kessel kaka ɗaya ya yi ya tafi, Logan Cooley ma haka. Thomas Vanek, ɗan Ostiriya da ya haskaka a kofin 2003, biyu ya yi. Brock Faber ya buga wasan ƙarshen nan na Tampa, kwana biyu bayan haka yana sanye da rigar Minnesota Wild ta NHL. Ga kuma masu sauya jami'a, waɗanda yanzu suka yawaita. Makonnin da ke bin fitar ku daga gasa kusan kullum da labarin wanda ya sa hannu ya tafi, sai kuma a shiga zancen yaran da za su shigo, waɗanda da yawansu an gan su a gasar makarantun sakandare ta jiha da ake yi a St. Paul cikin Maris. Je ka kalli wannan gasa ko sau ɗaya, ka rubuta sunaye biyu ko uku a waya. Rigar kuwa sayi mai babban harafin M a ƙirji, bayanta babu suna, kuma ka ɗauki wadda ta ɗan fi ka girma, don a kan suwaita za ka riƙa sa ta.